Ta Koya wa Fatalwa Mantuwa

A hawa na biyu na kamfanin da ke ƙera injinan ƙyanƙyasar ƙwai, inda fanka ɗaya take yi wa mutum shida aiki, akwai wata manhaja da kowa yake kira Fatalwa. Sunan ya dace da ita. Kwaikwayon injin ƙyanƙyasa take yi sukutum, da ƙwaƙwalwarsa da ma'aunin zafinsa da abin juya ƙwai, amma ba ta da jiki, a cikin kwamfuta take zaune. Duk sabon rubutun da masu manhaja suka yi, a kanta ake gwada shi kafin a ɗura shi a injinan da za a sayar. Abin da Fatalwa ta ce ya yi, to ya yi, babu mai ja.

Auta ce mai kula da ita. Ita ce ƙarama a ofishin, ga ta 'yar firit, amma in ta kafe a kan magana sai dai a gaji a bar ta. Yayanta kuma a ƙasa yake aiki, a ɗakin haɗa injina. Shi ne babba a teburin liƙi, shekararsa goma sha tara yana narka dalma yana dasa ƙananan kaya a kan fanel, wato allon nan kore da ke cikin kowane inji. Mai Dalma ake ce masa, har masu gadi ba su san masa wani suna ba.

Rigimar ta fara ne da injina suka soma dawowa. Da fari uku, sai goma, kafin wata ya ƙare sun haura arba'in. Kukan masu kiwon kajin iri ɗaya ne: inji yana aiki lafiya ƙalau, sai a ɗauke wuta, in ta dawo ya manta zafin da aka sa masa. Wani ya huce ƙwai ya mutu da sanyi, wani ya zuga wuta har ƙwai ya kusa dahuwa. Wata mata ta zo har bakin ƙofa da kiret guda na ƙwan da ya lalace, ta dire shi a gaban mai gadi, ta ce a kai wa masu ilimin su karya kumallo.

Injiniya, shugaban masu manhaja, mutum ne mai son a ga takalminsa yana sheƙi. Ya ɗauki rubutunsa ya ɗora a kan Fatalwa, ya kashe ya kunna har sau ɗari, ba ta manta komai ba. Ya buga sakamakon a takarda ya kai wa Manaja, ya ce manhaja dai garau take, in inji yana mantuwa to ƙafar aisin ajiya ce ba ta kama ba, aikin liƙi ne. Aisin ajiya ɗan ƙaramin abu ne baƙi mai ƙafa takwas, a cikinsa inji yake adana zafi da laima da lokacin juya ƙwai, don ya tuna su bayan wuta ta ɗauke.

Manaja bai yi wata-wata ba. Ya sauko ɗakin haɗa injina, ya tsaya a gaban ma'aikata ya ce hannun wasu ya fara tsufa. Bai ambaci suna ba, bai kuma buƙaci ambata ba, don kowa ya san wanda yake dasa aisin. Daga baya ya aiko wa Mai Dalma takarda: ya sa hannu kafin zaman ranar Alhamis cewa kuskuren daga teburinsa ne, a mayar da shi sashen ɗaure kwali, magana ta mutu. A kamfanin kaji dai aka rasa abin shafa wa bawan Allah sai kashin kaji.

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne Yaya bai musa ba. Ya tattara fanel ɗin da suka dawo, ya sa gilashin ƙara girma, ya shiga sake liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Da ta je gidansa ranar hutu, matarsa ta ja ta kicin ta ce mata mutumin nan ya daina cin abincin kirki, sai ya zauna ya miƙe yatsunsa yana kallo ko suna rawa, ya ma tambayi 'yarsa ta riƙe masa jarida daga nesa ya gwada idonsa. Shi kuwa da Auta ta taɓo maganar, ce mata ya yi ta fita daga sabgar, aikinta a sama yake, kada ta jawo wa kanta.

Ta ce to. Irin "to" ɗin da duk gidansu sun san ma'anarsa.

Ita ta san inda Fatalwa take da rami, don ita take share mata gida. Komai na injin an kwaikwaya, ban da aisin ajiya. A madadinsa wani fayil kawai aka ajiye, duk abin da aka zuba masa ya karɓa, duk abin da aka nema ya miƙo, ba ya gardama, ba ya gajiya. Watanni tana cewa a bar ta ta rubuta kwaikwayon aisin na gaske, Injiniya yana cewa ba shi ne a gaba ba. Ranar Litinin ta sake tsayawa a kansa, ta ƙi tafiya. Don ya rabu da ita ya zaro littafin bayanin aisin daga durowa, ya wurga mata, ya ce ta je ta rubuta daidai da abin da ke ciki, kada ta ƙara gishiri.

Ta duba littafin, ta ga gefensa har ya yi ja don tsufa. Ta ajiye shi. Da lokacin hutun rana ya yi, ma'aikata suka fita, ta sauka ƙasa ta tarar da Yaya shi kaɗai a teburinsa, burodinsa na nan a leda bai taɓa ba. Ta zaro fanel ɗaya daga tarin waɗanda suka dawo, ta ce ya cire mata aisin. Ya ce ba zai cire ba. Ba ta roƙe shi ba, sai ta ja kujera, ta ɗauki ƙarfen narka dalmar, ta riƙe shi kamar mai shirin soke nama, ta nufi fanel ɗin da shi. Ya yi haƙuri na daƙiƙa biyar.

"Kawo nan, za ki ƙona min allo," ya ce. "Wa ya koya miki riƙo haka?"

"Kai."

Ya yi tsaki, ya karɓa. Kafin ta gyara zama aisin yana tafin hannunta, ƙafafunsa takwas a miƙe tsaf, ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ta sa ya cire mata wani daga tsohon injin da ya shekara biyar a ɗakin gwaji bai taɓa ba da matsala ba. Ta zuba su biyu a kwalin ashana ta hau sama.

Gwajin da ta yi ko ɗan firamare zai gane shi. Ta jona tsohon aisin da kwamfutarta, ta rubuta masa lambobi daga ɗaya zuwa sittin da huɗu a tashi ɗaya, kamar yadda manhajar Injiniya take yi, ta ce ya karanto. Ya karanto su reras. Ta jona sabon, ta yi masa haka. Sai ga shi ya fara da talatin da uku, ya tafi har sittin da huɗu, sauran gurbin kuma wayam. Lambobin farko sun ɓace.

Ta sake, ta kuma sakewa, sannan ta jingina da kujera. Aisin ajiya shafi-shafi yake rubutu. Shafin tsohon yana da gurbi sittin da huɗu. Na sabon talatin da biyu ne, kuma in aka ba shi abin da ya fi shafinsa, ba ya tsallakawa shafi na gaba, ba ya kuma cewa ya cika. Shiru yake yi ya koma saman shafin ya rubuta a kan abin da ya riga ya rubuta. Zafin ƙwai shi ne a farkon layi, don haka shi ake takewa. Muddin wuta tana nan inji ba ya komawa ya duba, sai an ɗauke an dawo ya buɗe shafin ya tarar da shirme. Ta ɗauki gilashi ta duba bayan aisin biyu. Lambarsu ɗaya, sai harafi guda a ƙarshe da ya bambanta. Tsohon ya ƙare a kasuwa ne aka sayo ɗan'uwansa, kowa ya ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Za ta iya rugawa wurin Manaja da kwalin ashanarta, amma ta san abin da zai biyo baya. Za a ce ƙanwa ce take kare yayanta, za a ce aisin wurin cirewa ya lalace, za a ce ai Fatalwa ta riga ta yi magana. A kamfanin nan ba a yarda da mutum, da Fatalwa aka yarda. To, Fatalwar za ta sa ta faɗa da bakinta.

Kwana biyu ta yi a kai. Ta rubuta wa Fatalwa aisin ajiya daga tushe: yadda ake kiransa ya amsa, yadda yake karɓar lambar gurbi, ɗan jinkirin da yake yi bayan kowane rubutu wanda in aka yi masa magana a ciki sai ya yi kunnen uwar shegu, da yadda abin da ke cikinsa yake zama ko an kashe inji. Ta sa wurin zaɓar girman shafi. Da ta zo kan layin da zai sa rubutu ya koma saman shafi, ta tsaya ta karanta shi sau biyu. Tunda take aikin nan gyara take rubutawa, yau ga ta tana zaune tana koya wa manhaja ɓarna da gangan, kuma ba ta taɓa jin daɗin layi kamar wannan ba.

Ranar Laraba da hantsi ta gama. Ta ɗora manhajar Injiniya a kan Fatalwa, ta sa zafi, ta kashe, ta kunna. Fatalwa ta manta.

Dokar ofishin ita ce babu rubutun da zai shiga Fatalwa sai Injiniya ya duba ya amince. Ta tura masa. Bai yi rabin awa ba ya dawo da shi da jan rubutu, sannan ya taso da kansa ya tsaya a bayan kujerarta, ya rage murya don kada sauran su ji, ko da yake duk sun daina buga madannai. Ya ce littafin da ya ba ta sittin da huɗu ya ce, ina ta samo talatin da biyu? Ta buɗe kwalin ashanar ta nuna masa. Ko kallo bai yi ba. Ya ce ba a gina Fatalwa don kwaikwayon lalatattun kaya ba, an gina ta ne don a ga yadda ya kamata inji ya yi aiki.

"A'a, Injiniya," ta ce. "Don a ga yadda zai yi aiki. Masu kaji ba littafi suka saya ba."

Ya ce ya gane halin da take ciki, jini ba wasa ba ne, amma ta goge layin nan ta sake turowa, kuma ta tuna cewa ita ma ba a daɗe da tabbatar mata da aiki ba.

"Ba zan goge ba."

"Umarni ne."

"Na ji. Ba zan goge ba. In kana so ka goge da hannunka, sunanka zai fito a kai."

Ya gyara agogonsa ya koma teburinsa. Ita kuwa tana son aikinta, kuma ba ta da wani a hannu. Ta kwafe komai a kwamfutarta ta hannu kafin ta tashi.

Ranar Alhamis ƙarfe goma aka sa za a zauna a ofishin Manaja a rufe maganar. Ba a gayyace ta ba, abin da bai dame ta ba ko kaɗan. Saura kwata ta rungumi kwamfutar ta nufi matattakalar da ke hawa ofishin. A tsakiya ta yi kiciɓis da Yaya yana saukowa, ba rigar aiki a jikinsa, ya naɗe ta a hammata. Tun kafin ya buɗe baki ta gane.

Ya ce ya sa hannu tun ƙarfe tara. Injiniya ya biyo ta teburinsa jiya da yamma, ya ce masa ƙanwarsa tana neman jefa kanta a rami saboda shi. Yaya ya ƙara da cewa ɗaure kwali ma aiki ne, kuma gaskiya, Auta, wataƙila idon nasa ne, mutum ba ya ganin tsufan kansa.

Haushi ya turnuƙe ta har ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta so ta yi masa ihu, amma yayanta ne, kuma fuskarsa ta faɗa a kwana tara kamar wanda ya tashi daga jinya. Sai kawai ta ce ya zauna. Ya ce a nan? Ta ce a nan. Suka zauna a kan matattakala, masu wucewa suna raɓawa ta gefe, ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta.

Ta nuna masa Fatalwa, ta ce ya faɗi zafin da za a sa. Ya faɗa, ta sa. Ta kashe, ta kunna. Inda ya kamata zafin ya fito, sai ga wata lamba da ko tanda ba a kai wa. Ya matso da fuskarsa.

"Sake," ya ce.

Ta sake. Ta mayar da shafin sittin da huɗu, Fatalwa ta tuna. Ta mayar talatin da biyu, ta manta. Ta yi masa bayanin harafi gudan da ke bayan aisin. Da ta yi sau huɗu sai ya tambaye ta.

"Wannan abin, babu fanel a cikinsa?"

"Babu."

"Babu dalma."

"Ko ɗigo, Yaya. Babu hannun kowa a ciki. Kuma ga shi yana mantuwa."

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya miƙe, ya warware rigar aikin ya sa, ya ɓalla maɓallanta har na wuya, ya juya ya hau. Sai da ta haɗa da sauri kafin ta cim masa. Mutumin da shekara goma sha tara ba ya shiga ofishin Manaja sai an aiko, yau ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

Manaja da Injiniya suna zaune da shayi a gabansu. Auta ta ture kofin Injiniya gefe, ta dire kwamfutar, ta yi abin da ta yi a matattakala. Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ranka ya daɗe, ai ita ta saka matsalar da hannunta, rubutun ma ba a amince da shi ba.

"Ni na saka," in ji Auta. "Daga nan na kwafo ta." Ta zazzage kwalin ashanar a kan tebur. Ta ce a aika sito a ɗauko kowane aisi daga sabon kwali, wanda Yaya bai taɓa ko taɓawa ba, a gwada a gaban kowa, in bai koma saman shafi ba, za ta ajiye aikin yau da kanta.

Manaja ba wawa ba ne, rago ne kawai, kuma ya tuna akwai injina ɗari biyu a sito suna jiran mota, duk da sabon aisin a cikinsu. Ya aika aka ɗauko. Aka gwada uku, duka ukun suka fara da talatin da uku.

Daga nan Manaja ya sauya murya, ya koma ta sulhu. Ya ce to alhamdu lillahi, an gano bakin zaren, kuma aikin kowa ne. Mai Dalma ya koma teburinsa yau ɗin nan, ba maganar ɗaure kwali. Takardar kuwa a bar ta a fayil don cika ƙa'ida, tunda an riga an sa mata lamba, ba wanda zai sake dubawa. Ya ce Auta ta yi ƙoƙari, amma ba sai an yi ta yayata abin ba. Ya nuna wa Yaya kujera.

Yaya bai zauna ba. Ya dubi Injiniya ya tambaye shi, cikin ladabi, gyaran zai ɗauki kwana nawa. Injiniya ya yi ta juya cokali a kofi, ya ce ba wani abu ba ne, a raba rubutun gida biyu ne kawai, layi biyu ne.

"Layi biyu," Yaya ya ce.

Ya maimaita a hankali, kamar yana auna nauyinsa. Ya ce fanel arba'in da uku ya sake liƙewa, kowanne ƙafa takwas, yana neman laifin da babu shi. Ya ce ya sa 'yar cikinsa ta gwada masa ido a tsakar gidansa. Bai ɗaga murya ba, kuma Auta ta gwammace a ce ya ɗaga, don da ya fi sauƙin ji.

"Ranka ya daɗe, ba kujera na zo nema ba. Na sa hannu a kan ƙarya da safen nan. A ba ni takardata."

Manaja ya ce a yi haƙuri zuwa gobe, sai ya yi magana da na sama. Yaya ya ce ba komai, zai jira. Ya miƙa hannunsa a kan teburin, tafin a buɗe, ya bar shi a nan. Wayar Manaja ta yi ƙara har ta katse, ba wanda ya motsa. Auta ta ja kujerar da aka nuna wa Yaya ta zauna, ta ce ita ma ba ta da wani aiki yau.